"Oh my God" da OMG: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Na daɗe ina koyar da Turanci, kuma ba a taɓa yin zangon karatun da wani bai tare ni da wannan furuci ba. Ga amsoshin a wuri guda. Wanda ya sake tambayata, nan zan nuna masa.

Malam, me "Oh my God" ke nufi?

Idan aka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, "Ya Ubangijina" ke nan. Amma galibi mai faɗar ba addu'a yake yi ba. Furucin mamaki ne, ko firgita, ko takaici, ko murna. Inda Bahaushe zai ce "Wayyo Allah!", ko "Tabɗi!", ko "Ikon Allah!", ko "Kash!", mai Turanci yana iya biyan duk waɗannan buƙatu da wannan guda ɗaya.

OMG fa?

Haruffan farko na kalmomin uku ne. Shi ke nan.

Ai yaran zamanin wayar hannu ne suka ƙirƙiro shi ko?

A'a, ku daina ɗora wa yara laifin komai. Misali mafi daɗewa da aka sani a rubuce yana cikin wata wasiƙa ta watan Satumba na 1917. Lord Fisher, tsohon babban hafsan sojan ruwan Birtaniya, dattijo ɗan shekara 76, shi ya aika wa Winston Churchill, wanda daga baya ya zama firaministan Birtaniya. Yana shaguɓe ne game da wata sabuwar lambar girma da ya ji ana shirin ƙirƙirowa, sai ya rubuta haruffan ukun, har da fassararsu a gefe don kada kan Churchill ya ɗaure. Saƙonnin waya da intanet su ne dai suka yaɗa shi daga baya, babban ƙamusun Oxford kuma ya shigar da shi a 2011.

Yaya zan gane ko murna ake yi ko fushi?

Da kunne. Wanda aka miƙa wa kyautar da bai zata ba zai ja sautin, murya ta yi sama, ya dafe ƙirji. Wanda kofi ya suɓuce masa zai faɗa da sauri kamar an tsunkule shi. Wanda kuwa aka dame shi da tambaya ɗaya sau biyar zai faɗa ƙasa-ƙasa, yana rabe kalmomin ɗaiɗai, yana juya ido. Wannan na ƙarshen na fi kowa iya shi.

To zan iya faɗarsa a gaban kowa?

Wannan ce kaɗai tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ni da amsa guda.

Ga mafi yawan masu Turanci a Ingila da Amurka, musamman matasa, furucin ya zama ruwan dare, ba sa ma jin akwai sunan Allah a ciki. Tsakanin abokai ko abokan aiki sa'o'inka, da wuya wani ya ɗago kai. Sai dai akwai Kiristoci da Yahudawa masu riƙo da addini da suke jin zafinsa sosai, domin cikin Dokoki Goma na Attaura akwai wadda ta hana ambaton sunan Allah a banza. Wasu Yahudawan ko a rubutu ba sa cika kalmar, sai su sa ɗan layi a madadin harafin tsakiya. A wasu gidajen, musamman a kudancin Amurka, ana tsawata wa yaro idan ya faɗa. Nan ne ɗalibaina ke rikicewa: a Hausa, yawan ambaton Allah alamar tarbiyya ce, sai su ɗauka haka abin yake a Turanci. Ba haka ba ne. A kunnen wasu, wasa ne da suna mai tsarki.

Abin kuma ba yau ya fara ba. A 1606 majalisar dokokin Ingila ta kafa dokar cin tarar fam 10 ga ɗan wasan kwaikwayon da ya ambaci sunan Allah ko na Almasihu da wasa a kan dandamali. Laifin saɓo ma sai a 2008 aka soke shi daga dokokin Ingila da Wales.

Saboda haka ga abin da nake gaya wa ɗalibai, ko da yake ba doka ba ce. Idan ba ka san mutum ba, ko ya girme ka, ko shugabanka ne a wurin aiki, ka fara sauraronsa. In shi ya faɗa, da sauƙi, amma ko a nan ban ce ka mayar da shi gishirin magana ba. A ganawar neman aiki, ni dai ba zan faɗa ba, ko da mai tambayar ya faɗa. A majami'a ko gidan mutane masu addini, ka bar shi kwata-kwata. In kuma ya riga ya suɓuce maka, kada ka tayar da hankalinka. Kusan kowa zai yi wa mai koyon harshe uzuri, kuma dogon ban haƙuri ya fi furucin kansa jawo ido.

Me zan faɗa a madadinsa?

"Oh my goodness" ko "Oh my gosh". Kalmar "gosh" tun ƙarni na 18 aka lanƙwasa ta daga "God" don a kauce wa sunan. "Wow" ma ta isa idan mamaki ne kawai. Ku kula da "Jeez": daga sunan Yesu aka gutsuro ta, wanda bai son "Oh my God" ba lalle ne ya so wannan ba.

Ya halatta Musulmi ya faɗa?

Turanci nake koyarwa, ba fatawa nake bayarwa ba. A tambayi malaman addini.

Zan iya sa OMG a saƙon ta'aziyya?

Haba! Wani ɗalibina ya taɓa nuna min wayarsa yana alfahari. Abokiyar karatunsa ta sanar da rasuwar mahaifinta, shi kuma ya amsa da "OMG sorry", da alamar motsin rai guda uku a baya. Ya yi mamakin da ba ta amsa ba. Da baki, cikin kaɗuwar jin labari, cikakken furucin yana iya fita, kuma ba wanda zai ga laifinka. Amma haruffan ukun nauyinsu bai kai ɗaukar mutuwa ba, na hirar raha ne. Ka zauna ka rubuta cikakkiyar jimla.

A imel na aiki ko jarrabawa fa?

A'a.

Da babban baƙi ake rubuta OMG ko da ƙarami?

A hirar waya duk wanda ka ga dama. Ba wanda zai ba ka maki.