Zanen Bishiyoyi da Ruwa da Fentin Mai a Salon Romantik

Salon Romantik hanyar zane ce da ta bunƙasa a Turai daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19. Masu binta sukan zana daji, kogi da sararin sama ta yadda mai kallo zai ji girman halitta a ransa. Cikin fitattunsu akwai John Constable (1776–1837) da J. M. W. Turner (1775–1851) a Ingila, Caspar David Friedrich (1774–1840) a Jamus, da Thomas Cole (1801–1848) a Amurka. Zanen Constable na 1821, na keken doki tsaye cikin kogin Stour, har yau ɗalibai na kwaikwayonsa.

Fentin mai garin launi ne da aka kwaɓa da man linsid, wanda ake matsewa daga 'ya'yan wani tsiro. Yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, kuma wannan jinkirin ne alfanunsa, domin ana iya cuɗa launuka a kan kanbas, wato ƙyallen da ake zane a kai, a kankare, a sake. Tun da John Goffe Rand ya ƙirƙiro bututun ƙarfe na matse fenti a 1841, fita da kaya bakin ruwa ya zama da sauƙi.

Mai koyo yakan fara da sama, sai nesa, sannan ya matso kusa. Shafen farko tsinkakke ne, na bayansa kuma kowanne ya fi na ƙarƙashinsa mai. In aka juya wannan tsari, zanen yakan tsattsage bayan ya bushe. Abin da ke nesa yakan kwashi shuɗi-shuɗi ya dusashe, na kusa ne ke da duhu da kaifin gefe. Bishiya ana fara ta da dunƙulen duhu, a ɗora hasken ganye a gefen da rana take, a bar 'yan kafofi inda sama ke leƙowa. Masu ƙirga ganye ɗaya-ɗaya su ne bishiyarsu ke fitowa a sandare.

Ruwa shi ne inda ake gane gwani. Ana jan launin bishiyar da buroshi daga gaɓa zuwa ƙasa, sannan a bi ta kai a kwance da busasshen buroshi mai laushi, sau ɗaya ko biyu, kada launukan su dagule. A cikin ruwa farin abu yakan ɗan yi duhu, baƙi kuma ya ɗan yi haske. Siririn layin haske a bakin gaɓa shi ke raba ƙasa da hotonta.

A birnin Kumasi na ƙasar Ghana ana koyar da zanen fenti a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST), wadda sashen zanenta ya taso daga kwalejin Achimota da ke Accra a 1952. Ablade Glover, haifaffen Accra a 1934, ya daɗe yana koyarwa a can, kuma an san shi da zanen kasuwanni da dazuzzuka da wuƙar fenti. Matasan unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi masu sha'awar wannan aiki suna da tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da birnin. Tuddai masu itatuwa sun kewaye shi, masunta na ratsa shi a kan falankin katako, hazon hunturu kuwa yana nuna dusashewar nesa ƙarara. Rimi da kwakwar manja sun fi cancantar buroshin ɗan Kumasi a kan itatuwan Turai da bai taɓa tsayawa ƙarƙashinsu ba.

Ga Musulmin zango akwai wani sauƙi kuma. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zanen bishiyoyi da abin da ba shi da rai.