"Ai ita ta ja" ba hujja ba ce

A rukunin WhatsApp na matan Gusau masu karanta littattafan soyayya, da an zo inda miji ya sharara wa matarsa mari, sai ka ji an ce, "Ai ita ta ja, bakinta ya jawo mata." Marubucin ma yakan taya shi: ya sa ta ƙona tuwo ko ta ɗaga murya tukuna, don marin ya zo kamar hukunci.

Wannan kuskure ne daɗaɗɗe. Dubi gogan naka mai marin mata a kasuwa, ubangidansa ya zage shi tas, bai ɗaga ko yatsa ba, haƙuri ma ya bayar. Ashe fushin ya san inda yake sauka. Zaɓar mai rauni ya yi.

Masaniyar halayyar ɗan'adam ta Amurka, Jennifer Freyd, ta fayyace salon nan na ɗora wa wanda aka cuta laifi a 1997: mai zalunci ya musanta, ya far wa mai ƙorafi, sannan ya mayar da kansa wanda aka cuta.

Masu fakewa da tarbiyya kuwa, Nana A'isha ta ruwaito a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi ba.