Halloween: The Curse of Michael Myers da fitowarsa a kaset da faifai

Halloween: The Curse of Michael Myers fim ne na ban tsoro daga Amurka, na shida a jerin Halloween da John Carpenter ya fara a 1978. Ya fito a sinima ranar 29 ga Satumba 1995. Joe Chappelle ne darakta, Daniel Farrands ya rubuta labarin, kamfanin Dimension Films, wani reshe na Miramax, ya rarraba shi. Yana cikin fina-finan da wani makashi mai rufe fuska ke bin mutane ɗaya bayan ɗaya da wuƙa, sai dai a nan an jingina kisan ga tsafi da la'ana. Kuɗin da aka kashe sun kai kusan dala miliyan 5, ya samo kusan miliyan 15 a Amurka.

Mai riƙe da jerin tun farko har zuwa rasuwarsa a 2005 shi ne Moustapha Akkad, ɗan Siriya haifaffen Halab, wanda masu kallo a ƙasar Hausa suka fi sani da The Message, fim ɗin tarihin farkon Musulunci na 1976.

Labarin

Fim na biyar (1989) ya ƙare da wani mutum mai baƙaƙen kaya yana fasa ofishin 'yan sanda ya fitar da Michael Myers, makashin jerin, ba tare da an faɗi ko wane ne mai baƙaƙen kayan ba. Na shida ya zo ya warware wannan ƙullin. Jamie Lloyd, 'yar 'yar'uwar Michael, ta haihu a hannun wata ƙungiyar asiri, ta gudu da jaririn ta ɓoye shi. Tommy Doyle, yaron da ya tsira a fim na farko, yanzu ya girma (Paul Rudd ne ya fito a matsayinsa), shi ya tsinci jaririn, ya nemi Dakta Loomis, likitan ƙwaƙwalwa da ya daɗe yana farautar Michael. Bayanin da fim ɗin ya bayar shi ne Michael yana ɗauke da la'anar Thorn, wata tsohuwar alama da ke tilasta wanda aka ɗora wa ya kashe danginsa duka. Mai baƙaƙen kayan kuwa Dakta Wynn ne, shugaban asibitin masu taɓin hankali na Smith's Grove.

Yadda fim ɗaya ya zama biyu

An ɗauki fim ɗin a Salt Lake City ta jihar Utah a ƙarshen 1994. Donald Pleasence, wanda ya daɗe yana fitowa a matsayin Loomis, ya rasu ranar 2 ga Fabrairu 1995. Da aka gwada nuna fim ɗin ga wasu 'yan kallo kafin fitarwa, ba su karɓe shi da kyau ba, sai kamfani ya sa a sake ɗaukar wasu sassa, musamman ƙarshen. To ga matsalar: jarumin da labarin ya rataya a wuyansa ba ya raye. Dole aka gina sabon ƙarshe da ɗan abin da ya rage na hotunansa, shi ya sa wanda ya kalli sigar sinima yake ganin Loomis ya koma gefe a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Sigar farko ita ake kira Producer's Cut, wato sigar furodusa. Tana da kusan minti 96, ta sinima kusan 88. Bambancin ya wuce na tsawo. A sigar sinima Michael ya kashe Jamie tun da wuri, ya tsire ta a kan injin gona a rumbu. A ta furodusa wuƙa ya daɓa mata, ta rayu a sume a asibiti har aka harbe ta daga baya. A ƙarshen ta furodusa Tommy ya jera duwatsu masu alamun tsafi a ƙasa, Michael ya tsaya cak, sannan alamar Thorn ta bayyana a wuyan hannun Loomis. A ta sinima an zubar da yawancin tsafin, an kawo ɗakin gwaje-gwaje da zancen ƙwayoyin halitta, Tommy ya yi wa Michael allurai ya lakaɗa masa duka da bututun ƙarfe. An ƙara jini, an gaggauta yanka hotuna, an sa kiɗan Alan Howarth ya cika da jita mai ƙara. Hanya mafi sauƙi ta gane wadda ke hannunka ita ce muryar mai ba da labari a farko: ta Tommy ce a sigar sinima, ta Loomis a ta furodusa.

Sigar furodusa ta fi tafiya da ma'ana, ta kuma ba Pleasence haƙƙinsa, amma ba ta da zafin ta sinima, kuma tsayar da Michael da duwatsu ya rage masa kwarjini.

Fitowa a gida

Sigar sinima ce ta fito a kaset na VHS a 1996, sannan a DVD a 2000, da Blu-ray na kamfanin Echo Bridge a 2011. Duk tsawon wannan lokaci sigar furodusa tana yawo a ɓoye, ana kwafarta daga kaset zuwa kaset, daga baya zuwa faifai da intanet. Kaset ba kamar fayil na kwamfuta ba ne: duk kwafi yana rage kaifin hoto, launi ya zuba, baƙi ya dunƙule, sauti ya ƙara shuu. Fim ɗin da rabinsa a duhu aka ɗauka shi ya fi shan wahalar wannan, har wasu wurare ba a iya rarrabe fuskar Michael da bango.

Sai ranar 23 ga Satumba 2014 sigar furodusa ta fito a hukumance, cikin akwatin Halloween: The Complete Collection na kamfanonin Anchor Bay da Scream Factory. Mai saye ya lura: akwati mai faifai 15 ne yake ɗauke da ita, mai faifai 10 ba ya da ita. A Satumba 2015 Lionsgate ta fitar da ita ita kaɗai a Blu-ray. A 2022 Scream Factory ta fitar da sigogin biyu a 4K, cikin akwati ɗaya da Halloween H20 da Halloween: Resurrection.

Abin da ke hana faifan yin aiki

Yawancin waɗannan faifai na kasuwar Amurka ne, kuma akwai kullen yanki. DVD na Amurka yanki na 1 ne, Najeriya da Nijar suna yanki na 5. Blu-ray na Amurka yankin A ne, Afirka da Turai suna B, kuma faifan Scream Factory galibi a kulle suke. Na'urar yankin B za ta nuna saƙon ƙi ko baƙin allo kawai, sai an sami wadda aka buɗe wa yankuna duka. Faifan 4K ba su da wannan kulle a ƙa'ida, amma Blu-ray na ƙarin bayanai da ke cikin akwatin yana da shi. DVD na Turai kuma yana bin tsarin PAL, mai hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24 na sinima, don haka fim ɗin yana gudu da kusan kashi 4 cikin 100 fiye da asali. Minti 88 sai ya koma kusan 84, har mutum ya zaci an yanke wani abu alhali ba a taɓa komai ba.

Fim na bakwai, Halloween H20 na 1998, ya dawo da Jamie Lee Curtis, jarumar fim na farko, ya ci gaba daga fim na biyu kamar na huɗu zuwa na shida ba su faru ba, don haka ba a sake komawa kan zancen Thorn ba.