Kuɗin gwamnati da wasan 'yar tsana a Japan: wa ke samu, wa ke bin layi?

Bunraku wasan 'yar tsana ne na Japan wanda cibiyarsa ke Osaka, kuma ba wasan yara ba ne ko kaɗan. Mutum uku ne ke riƙe 'yar tsana guda, babba yana juya kai da hannun dama, na biyu hannun hagu, na uku ƙafafu, a gefe kuma ga mai rera labari da suke kira tayu tare da mai kaɗa shamisen, wani abin kiɗa mai tsirkiya uku kamar molo. Su kansu cewa suke shekara goma a ƙafa, shekara goma a hannun hagu kafin a ba ka kai. To sana'ar da sai ka yi shekara ashirin kafin a fara ganin fuskarka, dole gwamnati ta sa hannu in ba haka ba ta mutu.

Dokar da ta riƙe ta ita ce dokar kare kayan al'adu ta 1950, wadda aka yi bayan gobara ta lalata zanen bangon haikalin Horyuji a 1949. Abin burgewa a dokar nan shi ne ba gini da tukwane kawai take karewa ba, har fasahar da ke hannun mutum. A 1955 aka saka Bunraku cikin jerin fasahohin da dokar ke karewa, kuma gwanin da aka ba matsayin da mutane ke kira Ningen Kokuho, wato dukiyar ƙasa mai rai, yana karɓar yen miliyan 2 duk shekara. Ba kuɗin shan shayi ba ne fa, na horar da magada ne da riƙe fasahar. Tun 1972 ma akwai horo na shekara biyu kyauta ga matasa, ga gidan wasan Bunraku na ƙasa da aka buɗe a Osaka a 1984.

Amma duk wannan kuɗin adanawa ne, a ci gaba da yi yadda aka gada. Kai da kake son ɗauko 'yan tsanar nan ka haɗa su da 'yan wasan zamani da sabon labari, ƙofarka daban. Sai ka nufi asusun tallafa wa fasaha da aka kafa a 1990 da kuɗin gwamnati da gudummawar kamfanoni, ko tallafin Bunkacho, hukumar al'adu. Can gasa ce, ka cike fom ka kawo kasafi, kwamitin masana ya duba, in an ba ka ma na aikin nan guda ne kuma ba ya biyan komai da komai, ragowar sai tikiti da masu ɗaukar nauyi, baɗi kuma ka sake bin layi. Akwai ɓangaren wasan zamani, akwai na gargajiya, akwai kuma na ayyukan haɗin gwiwa, sai ka san inda za ka jefa takardarka.

Ni dai a ganina rashin daidaiton a nan yake, domin sabbin ayyukan su ne ke janyo waɗanda ba su taɓa shiga zauren ba. A 2012 marubuci Mitani Koki ya rubuta wa 'yan Bunraku wasan barkwanci, kuma gidan wasan Parco ne ya shirya shi, kamfani mai zaman kansa.

A 2012 ɗin dai magajin garin Osaka na lokacin, Hashimoto Toru, ya riƙe tallafin da birnin ke ba Bunraku Kyokai, ƙungiyar da ke kula da 'yan wasan Bunraku, ya ce sai 'yan wasan sun zauna da shi a bainar jama'a, daga baya aka ɗaura yawan kuɗin da yawan 'yan kallo. Dokar 1950 ba ta hana shi ba, tunda kuɗin birni ne ba na gwamnatin ƙasa ba.