Waiwaye: Yadda kyamara ta koma hannun jikokin Yahudawan da suka tsira

Ranar 15 ga Afrilun 1945 sojojin Birtaniya suka shiga sansanin gwale-gwale na Bergen-Belsen a arewacin Jamus, ɗaya daga cikin sansanonin da gwamnatin Nazi ta tsare Yahudawa a lokacin da take yi musu kisan ƙare dangi. Sun tarar da mutum kusan 60,000 da sauran numfashi, ga gawarwaki wajen 13,000 a yashe babu mai binnewa. Masu ɗaukar hoto na rundunar suka shiga aiki, abin da suka naɗa kuwa ya tayar wa duniya hankali. Sai dai akasarin mutanen da ke cikin hotunan nan ba su da suna. Ƙashi ne da fata, kyamarar baƙo ta haska su ta wuce.

Cikin waɗanda ke sansanin a ranar akwai wata budurwa 'yar shekara 19 mai suna Sonia, 'yar garin Międzyrzec na ƙasar Polan. Ta riga ta ratsa sansanonin Majdanek da Auschwitz, sai ga shi ranar da aka 'yanta su harsashi ya same ta a ƙirji. Da sauran shan ruwanta a gaba. Bayan shekara 71 aka fito da fim sukutum a kanta, mai suna Big Sonia, kuma jikarta Leah Warshawski ce ta shirya shi tare da Todd Soliday.

A shekarun farko bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu sauraro ne suka yi ƙaranci. Wani masanin halayyar ɗan Adam daga Chicago, David Boder, ya bi sansanonin 'yan gudun hijira na Turai a 1946 da na'urar da ke naɗar murya a kan siririyar waya, ya yi hira da mutum wajen 130, amma aikin bai samu kasuwa ba a lokacin. Waɗanda suka tsira suka bazu Amurka da Isra'ila da sauran wurare, suka yi aure, suka kama sana'a. A gidaje da yawa yara sun tashi suna ganin lambar da aka zana a sansani a damtsen uwa, suna jin ihun uba cikin barci, babu mai tambaya, babu mai bayani.

Shari'ar Adolf Eichmann, jami'in Nazi da ya tsara jigilar Yahudawa zuwa sansanonin kisa, a birnin Ƙudus a 1961 ce ta fara fasa ƙwai. Shaidu fiye da 100 suka tsaya gaban alƙalai, aka naɗi zaman a bidiyo, gidajen talabijin na ƙasashe suka watsa. A 1979 wata 'yar jaridar talabijin, Laurel Vlock, da likitan ƙwaƙwalwa Dori Laub, wanda shi ma da ƙyar ya sha yana yaro, suka fara naɗar shaidar mutane a New Haven ta Amurka. Wannan ne ya zama rumbun Fortunoff na Jami'ar Yale. Sai Claude Lanzmann na Faransa ya fito da Shoah a 1985, fim mai tsawon awa 9 da rabi, wanda ya ƙi saka ko da tsohon hoton gawa ɗaya a ciki. Mutane ne kawai ke magana, da filayen da ciyawa ta riga ta rufe.

Aikin da ya fi kowanne girma shi ne na gidauniyar da mai shirya fina-finai na Amurka Steven Spielberg ya kafa a 1994. Kafin ƙarshen 1999 ta tattara shaida kusan 52,000 a ƙasashe 56 cikin harsuna 32, daga baya ta koma ƙarƙashin Jami'ar Kudancin Kalifoniya, har ta ƙara da shaidun waɗanda suka tsira daga kisan ƙare dangi na Ruwanda. Akwai wata 'yar al'ada a tsarin hirarrakin nan da ta fi jan hankalina. Ana yin su ne a falon mai ba da shaida, idan an zo ƙarshe kuma sai a kira iyali su shigo gaban kyamara. Tsohuwar da ta gama lissafa 'yan uwanta da aka kashe sai ga ta da jika a cinya tana murmushi. Tsaran yaran nan ne suka girma suka karɓi kyamarar.

Me ya sa jikoki, ba 'ya'ya ba? 'Ya'yan ma sun yi nasu, amma duk Bahaushe ya san amsar tun daga gida. Tsakanin ɗa da mahaifi akwai kunya da nauyin baki, jika kuwa abokin wasa ne, yana iya jan gemun kaka ya tambayi abin da ubansa bai taɓa iya furtawa ba. 'Ya'yan waɗanda suka tsira sun tashi cikin zafin raunin, suna lallaɓa iyaye kada a fama musu miki. Jikoki sun zo bayan wutar ta lafa, kakannin kuma sun ga magariba ta kawo jiki, baki ya buɗe.

A fim ɗin Sonia an ga wannan ƙarara. Ba daga sansani aka fara ba, daga shagon tela aka fara. Ita da mijinta John, wanda shi ma ya tsira, sun sauka Kansas City ta Amurka a 1948. Bayan rasuwarsa ta ci gaba da riƙe shagonsa, John's Tailoring, a cikin rukunin kantuna na Metcalf South da ke Overland Park, ginin da kusan kowa ya kwashe kayansa ya bari. Ga 'yar tsohuwa, tsawonta ƙafa 4 da inci 8, shekara ta kai 90, ta sha jan baki da tufafi masu zanen damisa, tana tuƙa ƙatuwar mota zuwa aiki, tana gwada wa mutane ƙafar wando. Idan ta miƙa hannu sai lambar Auschwitz ta bayyana. Ana cikin haka takardar tashi ta iso daga masu ginin. Baƙo zai ga tsohuwa ce za ta rasa shago. Jika ta san cewa aikin nan ne ke hana kakarta zama ita kaɗai da tunanin ranar da ta hango mahaifiyarta ana kora ta ɗakin iskar guba a Majdanek.

Fim ɗin bai tsaya ga yabo ba, kuma nan ne ƙarfinsa. An bi Sonia makarantu da gidan yari inda take ba da labarinta, 'yarta Regina na gefenta. An kuma zaunar da 'ya'yanta, har da Morrie mahaifin Leah, suka faɗi yadda tashi a gidan yake da nauyi. Da wuya su yi wa baƙo wannan maganar.

Duk da haka kyamarar jika tana da nata makanta. Ƙauna takan tace labari, a bar abin da zai ɓata wa dangi rai. Wani lokaci jikan ne ke mamaye fim ɗin, kakar ta koma 'yar rakiya. Sannan tunanin ɗan shekara 90 yakan haɗa ranaku biyu wuri guda, shi ya sa masana tarihi ke gwada kowace shaida da takardun jiragen ƙasa da rajistar sansanoni, don kada masu musun kisan su samu ƙofa.

Lokaci kuma ya ƙure. Ƙungiyar Claims Conference, mai neman diyya ga Yahudawan da suka tsira, ta ƙiyasta a farkon 2024 cewa saura mutum kusan 245,000 a raye, rabinsu sun kai shekara 86 ko sun haura, yawancinsu kuma yara ne lokacin yaƙin. Tun 2014 aka fara naɗar waɗanda suka tsira irin su Pinchas Gutter suna amsa tambayoyi fiye da 1,000, domin ɗalibi ya tsaya gaban allo ya yi tambaya kwamfuta ta zaɓo masa amsar.

Cikin Yahudawa miliyan 6 da gwamnatin Nazi da masu taya ta suka kashe, kusan miliyan 1.5 yara ne, ba su haifa ba balle su yi jika. A gidan su Sonia, ita da 'yar'uwarta ɗaya ce suka fita. Mahaifinta da ɗan'uwanta ana jin labarinsu a fim ɗin ne kawai saboda ita ta rayu, ta haifi Morrie, Morrie ya haifi Leah.