Aikin rumbun kaya na 'yan motar tafi-da-gidanka a Amurka

Aikin rumbun kaya na 'yan motar tafi-da-gidanka wani nau'in cin rani ne da ake yi a Amurka. Masu yin sa mutane ne da suka mayar da mota gidansu, wasu a manyan motoci masu gado da madafa da makewayi, wasu a tirelar da ake ja, wasu kuwa a ƙaramar motar ɗaukar kaya da aka shimfiɗa wa katifa. Daga wajen Satumba ko Oktoba suke ɗunguma zuwa manyan rumbunan ajiyar kamfanonin sayar da kaya ta intanet, su yi aiki har jajibirin Kirsimeti, sannan su tayar da mota su ƙara gaba.

Asali

Al'adar yin aiki don a samu wurin ajiye mota ta girmi cinikin intanet. Tun a 1987 aka fara buga mujallar Workamper News a garin Heber Springs na jihar Arkansas, wadda ke haɗa matafiya da masu neman ma'aikatan wucin gadi. Amma shirin da ya fi suna shi ne CamperForce na kamfanin Amazon, wanda ya faro a 2008 a rumbunsa na Coffeyville da ke jihar Kansas. Garin ƙarami ne, ba shi da yawan mutanen da za su ishi rumbun a lokacin rububin sayayya na ƙarshen shekara. Ma'aikacin da ya zo da ɗakinsa a bayan mota kuwa ba sai an nema masa masauki ba. Daga baya shirin ya kai Fernley a Nevada, da Campbellsville a Kentucky, da Murfreesboro a Tennessee, da Haslet a Texas.

Shekarar 2008 ɗin ta zo daidai da karyewar tattalin arzikin Amurka, lokacin da bankuna suka ƙwace gidajen miliyoyin mutanen da suka kasa biyan bashi.

Yadda aikin yake

Ana raba ma'aikata gida-gida: masu karɓar kaya daga manyan motoci, masu jera su a kanta, masu tsinto abin da mai saye ya yi oda, da masu ƙunshewa a kwali. Mai jerawa da mai tsintowa na riƙe da na'urar hannu da ke karanta lambar kaya, ita ce kuma ke lissafa saurinsa. Ana yin awa goma a tsaye, har fiye idan ciniki ya yi zafi bayan bikin godiya na ƙarshen Nuwamba. Mai tsinto kaya kan taka sama da kilomita 20 a yini ɗaya a kan daɓen siminti.

Ladan bai wuce dala 11 ko 12 a awa ba a tsakiyar shekarun 2010, kafin Amazon ya ɗaga mafi ƙarancin albashinsa zuwa dala 15 a Nuwamba 2018. A zamanin CamperForce kamfanin ne ke biyan kuɗin filin ajiye mota mai ruwa da lantarki, sannan yana ba da tukuici ga wanda ya daure har ranar ƙarshe. Wannan tukuicin shi ya riƙa riƙe mutane da yawa ko da gwiwa ta kumbura. Bayan an tashi kuma ga sanyin hunturu yana jira a filin, inda bututun ruwan mota kan daskare, iskar gas ɗin ɗumama ɗaki kuma ta cinye wani kaso na abin da aka samo.

Masu yin sa

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne shekarunsu. Da yawa sun haura 60, wasu sun ba 70 baya. Akwai 'yan fansho masu rufin asiri da ke neman kuɗin mai don ci gaba da yawon buɗe ido. Akwai kuma waɗanda ba su da zaɓi, fanshon gwamnati bai kai kuɗin haya ba, ko jinya ko mutuwar aure ta lashe abin da suka tara. Ganin dattijuwa mai jikoki tana hawa matakala da kwandon kaya da tsakar dare abu ne da ya kamata ya dami duk mai tunani, musamman a ƙasa mai arziki irin wannan.

'Yar jarida Jessica Bruder ta zauna cikinsu, ta ma yi aikin da kanta a Haslet, ta fitar da littafinta Nomadland a 2017. Fim ɗin da Chloé Zhao ta yi daga littafin ya lashe kyautar Oscar ta gwarzon fim a 2021.

Zagayen shekara

Rumbun zango ɗaya ne kawai. Da bazara wasu kan yi gadin sansanonin shaƙatawa a dazuzzukan gwamnati. A Oktoba akwai girbin gwozar da ake yin sukari da ita a North Dakota da Minnesota. A Janairu dubbai kan taru a hamadar Quartzsite ta jihar Arizona, inda sanyi ke da sauƙi, kuma a can masu ɗaukar ma'aikata kan kafa rumfuna suna rubuta sunayen waɗanda za su yi aiki a zagaye na gaba.

A ƙarshen 2022 Amazon ya rufe CamperForce. Mai motar da ke son aikin rumbunsa yanzu yana nema ne ta hanyar da kowane ma'aikacin wucin gadi ke bi.