Layin da Aka Ɗaure da Agogo da Canjin Saurin Kiɗa: Tambayoyi da Amsoshi

Masu haɗa sauti a situdiyoyin Maradi, musamman masu aikin waƙoƙin biki da tallace-tallacen rediyo, sukan tarar da murya ta rabu da kiɗa da zarar sun taɓa saurin waƙa. Ga abin da ke jawo hakan.

Mene ne bambanci tsakanin layin agogo da layin bugu?

Manhajar tsara kiɗa tana ajiye kowane sauti a kan layinsa (track), kuma tana auna wurinsa a layin ta hanya biyu. Layin bugu yana riƙe matsayinsa bisa gaɓa da bugu, saboda haka duk lokacin da aka canza sauri, sai abin da ke kansa ya matsa. Layin agogo kuwa mintoci da sakan kaɗai ya sani, ko an ƙara sauri ko an rage, yana nan inda aka ajiye shi. A Cubase, ta kamfanin Steinberg na Jamus, ana iya sauya kowane layi tsakanin alamar kiɗa da alamar agogo, haka kuma Pro Tools da Reaper suna ba da wannan zaɓi.

Me ya sa murya take zamewa bayan an rage sauri?

Lissafi ne kawai. Idan waƙa tana tafiya da bugu 120 a minti, gaɓa mai bugu huɗu tana cin sakan 2, don haka gaɓa ta 17 tana farawa a sakan na 32. Idan aka mayar da saurin 100, gaɓar za ta ci sakan 2.4, kuma gaɓa ta 17 za ta koma sakan 38.4. Ganguna da fiyano na MIDI, wato kiɗan da manhajar ke bugawa bisa umarnin da aka rubuta mata, sun bi sabon lissafin, amma muryar da ke ɗaure da agogo tana nan a sakan na 32, wato ta riga kiɗanta da sama da sakan 6.

To, mayar da muryar layin bugu ya wadatar?

Bai wadatar ba. Mafarin muryar ne kaɗai zai matsa, tsawonta kuwa ba zai canza ba sai an umarci manhajar ta miƙe sautin, kuma miƙewa mai yawa tana ɓata murya har kunne ya ji. Idan canjin babba ne, sake ɗaukar mawaƙin ya fi.

Yaushe ne ɗaurewa da agogo ta fi dacewa?

A talla mai sakan 30, da duk sautin da dole ya faɗo daidai da hoton bidiyo.

Yaya za a yi da kalangu ko gurmi da aka ɗauka ba tare da na'urar ƙirga bugu ba?

A nan ne nake roƙon masu haɗa sauti su yi hattara, domin makaɗi yakan ɗan hanzarta idan kirari ya yi zafi, ya kuma lafa idan mawaƙi zai numfasa, kuma wannan shi ne daɗin kiɗan. Bai kamata a daddatse hannunsa don ya dace da ma'aunin kwamfuta ba. A ɗaure layinsa da agogo tukuna, sannan a bi shi gaɓa bayan gaɓa ana gyara saurin manhajar har ma'auninta ya hau kan bugunsa. Bayan an gama, sai a mayar da layukan MIDI kan bugu domin su bi makaɗin, a kuma adana kwafin aikin kafin a sake taɓa saurin.